Bangon da Ya Ƙi Faɗuwa

A kududdufin bayan ganuwar Rano muka tono ƙararrawar, ni da ƙanena Jatau, wata ranar Talata da hantsi, muna haƙar ƙasar tubali. Sunana Barmo, magini ne ni ɗan magini. Ba yabon kai ba, a wancan zamani duk soron da ka gani a Rano ya shekara ashirin bai tsage ba, ka tambaya ka ji, hannuna ne. Shi kuwa Jatau kwaɓi yake yi mini, domin hannunsa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Kome ya gani sai ya taɓa.

Ta tagulla ce, girmanta kamar ƙaramin tulu, an zagaye bakinta da wani rubutu da ban taɓa ganin irinsa ba. Na ce, "Jatau, ajiye ta mu kai wa malamai su duba."

Ya ce, "Yaya, bari dai mu ji muryarta tukuna."

Kafin in rufe baki ya ƙwala mata ƙotar fartanya. Ƙarar da ta fito ba ta da ƙarfi, amma sai da ruwan kududdufin ya tsaya cak, kwaɗi suka yi shiru. Na ga Jatau ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafafu, ya ɗora hannu bisa hannu a cinyarsa, irin zaman da ban taɓa ganin ya yi ba tun da aka haife shi. Ya ce, "Yaya, ƙafafuna!" Ina dubawa na ga sun zama dutse. Abin ya hau gwiwa, ya hau ƙirji, ina riƙe da kafaɗarsa ina salati har na ji ta yi sanyi ta taurare a tafin hannuna.

Sai wata murya ta fito daga cikin ƙararrawar, a natse, kamar mai karanta wasiƙa. Ta ce, "Wanda ya buga ni ya ɗauki alkawarin gidana. Mai son a sake shi ya mai da ni inda aka ɗauko ni, kuma ya yi sauri. In ka kama hanya zan yi maka sauƙi, in ka kauce zan yi maka nauyi."

Gari ya taru. Innarmu ta zo, ba ta yi kururuwa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta shafa kuncin dutsen, ta juyo ta dube ni. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai wannan, tare kuka fita da safe." Na yi wa Jatau rumfa a kansa, na ɗauki gora da fartanya da buhun garin makuba, wato ɓawon ɗorawa da muke jiƙawa mu shafe bango don kada ruwa ya ci shi. Na goya ƙararrawa na nufi gabas, don can ne kawai take barina in ɗaga ƙafa.

Na wuce Barno, na wuce inda ake jin Hausa, na shiga rairayi. Kwana tara babu inuwa, ruwan gorata ya ƙare. A rana ta goma na hango rijiya, na ruga, sai na ga abin da ke zube kewaye da ita ba duwatsu ba ne, ƙoƙunan kan mutane ne. Wata mata ta taso daga cikin rijiyar, tsawonta ya kai giginya, gashinta na jan ƙasa, idanunta a tsaye suke kamar na mage.

Ta ce, "Ya kai bil'adama, shekara ɗari uku ke nan babu wanda ya sha ruwan nan bai bar kansa a nan ba. Sha ka ƙoshi, sa'an nan ka durƙusa."

Amma idon magini ba ya jin magana. Na ga bakin rijiyar ya zube ta gefe guda, yashi na kwarara ciki. Na ce, "Ranki ya daɗe, kan nawa yana nan ba zai gudu ba. Amma wa ya yi miki wannan bakin rijiya? Wallahi ya cuce ki. Nan da shekara biyu za ki rasa gida."

Aljanar ta dubi wurin. Ta ce, "Kullum da yashi nake kwana a ido. Za ka iya?" Kwana uku na yi ina ɗaure mata baki da dutse da laka. Da na gama ta zagaya shi sau bakwai tana guɗa, ta rikiɗe ta zama guguwa, ta sure ni da kayana. Ban sake sanin inda kaina yake ba sai da ta dire ni a bakin teku.

A nan ma ƙararrawa ta ce gaba, ga ruwa iyakar ganina, babu jirgi. Na hau wani tudu don in hango, sai tudun ya yi nishi. Ashe kunkuru ne, faɗinsa ya kai filin kasuwar Rano. Ya ɗago kai ya ce, "Wane ne wannan mai taka mini ciwo?" Na duba ƙarƙashin ƙafata, sai ga tsaga a ƙoƙon bayansa wadda mutum zai iya kwanciya ciki, gishirin teku ya cinye naman wurin. Na nemi gafara, na ce ni magini ne. Ya ce, "Ɗan Adam, in ka toshe ta zan kai ka gaɓar da ka so. In ka ƙara mini zafi zan nutse da kai har inda haske bai taɓa zuwa ba." Na wanke tsagar, na cike ta da yumɓu, na shafe da rabin makubata. Kwana arba'in muna tafiya bisa ruwa, ko ɗigo bai shiga ba, kuma kowace safiya sai na sa ya faɗi hakan da bakinsa.

Bayan teku sai duwatsu masu farin kai, inda in ka tofa yawu kafin ya kai ƙasa ya daskare. A can na bar yatsun ƙafata biyu. Daga nan na gangara cikin wani kurmi mai giwaye, ƙararrawa kuwa ta yi sauƙi har ta zama ita ke jana. Ranar da kurmin ya buɗe na tsaya baki sake.

Kufai ne, amma ya fi birnin Rano girma. Duk na jan tubali gasasshe ne, kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa. Ga layin ƙananan ɗakuna ɗaruruwa babu rufi babu bango sai tushe, kowanne da gadon dutse mai cin mutum ɗaya. Ga wasu gine-gine kamar an kifa ƙwarya, kowanne ya fi dutsen garinmu tsawo, babu ƙofa babu taga, itatuwa sun tsaga su sun fito. Ga matakala da ke hawa sama ba ta kai ko'ina. Ga wani tafki mai kusurwa huɗu da aka ɗaure da dutse. Kome ya rushe ya kwanta, birai na tsalle a kai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsakar wurin a share take tas, har da sawun tsintsiya.

Na yi sallama sau uku, babu amsa. Na shiga tsakar, sai ga gumaka a jere, duk a zaune, ƙafa a tanƙwashe, hannu bisa hannu. Na nemi tsari daga Allah na fara wucewa ina ƙirgawa. Fuskokinsu ba iri ɗaya ba ne. Wani da rawani, wani da ƙananan idanu, wata mace da tulu a gefenta. Na arba'in da biyu, na ƙarshen layi, yana da tsagar gidanmu a kunci da tabon da na yi masa da dutse muna yara. Jatau ne. Na bar shi a Rano ƙarƙashin rumfa, ga shi nan kuma a gabana. Na faɗi zaune ina kiran sunansa har muryata ta dishe.

A gaban layin akwai bango ɗaya tak da ya rage a tsaye cikin duk kufan nan, tsawonsa kamu ashirin. An zana wani mutum a jikinsa, kwance a kan gefen dama, fuskarsa kamar ta mai barcin da ba shi da damuwa. A sama akwai ƙugiyar tagulla. Ƙararrawa ta fizge daga bayana ta tashi ta rataye kanta a wurin. Na juya da sauri in ga Jatau ya miƙe. Bai motsa ba.

Na jira yini guda, na jira na biyu, ina cin mangwaron wurin ina shan ruwan tafki. Shiru. Sai na fara tunani. A rijiya gyara ne ya fisshe ni, a teku ma gyara ne. Na ɗaga kai na dubi bangon nan da idon sana'a. Ya karkata, tsaga ta raba shi daga sama har ƙasa, ruwa ya cinye gindinsa. Ga hadari ya fara haɗuwa a kudu. Ruwan farko zai kwantar da shi, ya haɗa da ƙararrawar. Na ce a raina, to ga aikin da ake so in yi, masu gidan ne kawai suke jin nauyin faɗa. A garinmu ma ai ba a jira sai maƙwabci ya roƙa kafin a yi masa yaɓe gabanin damina.

Ban taɓa yin aiki irin wannan ba, kuma ba zan ƙara ba. Na fasa suri na ɗebi ƙasarsa, na kwaɓa da busasshiyar ciyawa da kashin giwa tunda babu na doki, na rufe kwaɓin ya ruɓa. Na tsinto tubalan da suka zube na tsame masu ƙwari. Na ɗaure gindin, na tayar da tokara biyu a bayansa masu kaurin rumbu, na ɗinke tsagar tubali bayan tubali. Na yi wa kansa hula mai gangara, na haƙa lambatu don ruwa ya bi ya wuce. Sauran makubata duka na juye a kai. Zanen ban taɓa shi ba, ba ruwana da shi, amma bango ai bango ne ko na wane ne. Ranar da na gama na ja da baya na dube shi, na ce ko babana ya tashi daga kabari ba zai sami abin gyarawa ba.

Sai na ji atishawa a bayana.

Gunkin farko na layin ne ya miƙe tsaye, ƙura na zuba daga jikinsa. Tsoho ne mai askakken kai, ya yafa mayafi rawaya launin gangamau, tsintsiya a hannunsa. Ya buɗe ido yana murmushi, ya ga ƙararrawa a ƙugiyarta, murmushin ya ƙaru. Sa'an nan idonsa ya sauka kan bangon. Tsintsiyar ta faɗi.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ne, Baba. Barmo magini daga Rano. Ba sai an gode ba."

Tsohon ya fara kumbura. Ya wuce bangon, ya wuce itatuwa, kansa ya shiga hadari, idanunsa suka zama kamar bakin maƙera, birai suka watse suna ihu. Na kife a ƙasa ina kalmar shahada. Can sai na ji yana jan numfashi a hankali, yana saki, yana ja, yana saki, har ya dawo ɗan tsohonsa. Ya zauna yana haki. Ya ce, "Shekara ɗari tara ina horar da fushina, ya kai magini, har na ɗauka ya mutu. Kai ka tashe shi da laka. Zauna ka ji abin da ka aikata."

Ya ce sunansa Wimala, aljani ne, mai sharar gidan. Kwana goma sha biyu ya yi a zaune ido rufe, kamar yadda al'adar gidan take gabanin damina, shi ya sa bai ji zuwana ba. Ya ce, "Wani sarki ne ya gina wurin nan. Ya ci yaƙi, ya zagaya fagen ya ga gawawwaki, daga ranar abinci ya daina shiga cikinsa. Sai ya gina gida ga mabiya wani malami da ake kira Buddha, wancan da ka gani kwance a zane, ɗan sarki ne da ya bar fada ya tafi neman maganin wahalar duniya. Mutum dubu uku suka zauna a nan. Ba sa aure, ba sa tara dukiya, ba sa cin abinci bayan rana ta take, ko sauro ba sa kashewa. Akwai ɗakin littattafai hawa uku, an rubuta su a ganyen giginya, har daga ƙasar Sin ake zuwa a kwafa. Ni na zo in tsorata su ne, suka ba ni wurin zama. Na buga ƙararrawa na ɗauki alkawari, domin haka ake shiga gidan nan, kuma babu mai fita sai babban malami ya sallame shi."

Na ce, "To ina babban malamin? A kai ni wurinsa."

Ya nuna wani tudun tubali. Ya ce, "Mayaƙa suka zo daga arewa suka cinna wa littattafai wuta, wata huɗu hayaƙi na tashi. Kogi ya sauya hanya, fatake suka daina biyowa, mutane suka ragu har ya zama saura malami ɗaya da ni. Ɓarayi suka sace ƙararrawa, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Duk wanda ya buga ta bisa rashin sani ya ɗauki alkawari, ga shi babu mai sallamarsa, sai ya daskare a inda yake, siffarsa ta bayyana a nan. Kafin malamin ya cika ya ce mini, 'Wimala, duk abin da aka haɗa sai ya rabu, wannan shi ne karatun gidan nan tun farko. Ranar da bango na ƙarshe ya faɗi da kansa ya binne ƙararrawa, gida ya ƙare, kowa ya tafi.' Tun ranar nake kallon bangaye suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne na ƙarshe. Ruwan gobe muke jira, magini. Shi ya sa ta ce ka yi sauri."

Na zabura na ɗauki fartanya na ce, "Yanzu zan rushe shi!"

Ya riƙe mini hannu. "Da kansa aka ce. In hannu ya kayar da shi, alkawarin ya tabbata har abada." Ya dube ni cikin ido. "Kai ka san aikinka. Faɗa mini gaskiya, shekara nawa zai yi?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Ɗari uku." Na ƙara da cewa, "In ba a yi girgizar ƙasa ba, huɗu."

Washegari da hantsi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muna tsaye a cikinsa mu biyu muna kallo. Ya zubo kan hular bangon ya gangara, ya bi lambatun da na haƙa ya wuce abinsa, ko ƙwayar ƙasa bai ɗauka ba. Mutum arba'in da ɗaya na zaune a bayana, da yau suna gidajensu ko kaburburansu. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da babana ya rasu.

Da ruwa ya ɗauke na durƙusa gaban tsohon na ce, "Baba, na yi ɓarna, ba ni da bakin magana. Amma uwarmu na can tana jira. Babu wata ƙofa ko ƙarama?"

Ya ce, "Akwai guda, ba a taɓa samun mai shigarta ba. Adadin gidan ba ya raguwa, amma ana musanya. Wanda ya buga ƙararrawa da saninsa, ya ambaci sunan wani, ya ɗauki wurinsa. Shi ba zai daskare ba, tsintsiya za a ba shi. Ba zai tsufa ba, ba zai mutu ba, ba zai taka wajen kufan nan ba sai bango ya faɗi."

Na ce, "Zan yi sallata?"

Ya ce, "Yi abarka. Ni ma zamana nake yi."

Na hau tokarar da na gina da hannuna, na ɗaga ƙotar fartanya, na ce, "Jatau ɗan Inna, na Rano." Na buga. Siffarsa ta zube ta zama gari a ƙarshen layi. Wimala ya ja ni bakin tafki ya shafi ruwan, sai ga kududdufinmu a ciki, ga rumfar da na kafa. Jatau ya miƙe yana miƙa kamar wanda ya tashi daga barcin rana. Inna na zaune a gefe da ƙwaryar abinci, ashe kullum sai ta kai masa. Ta rungume shi tana shafa fuskarsa. Sa'an nan ta leƙa bayansa, ta dubi hanyar gabas, ta daɗe tana dubawa. Ruwan ya rufe, ban sake ganinsu ba.

Bana damina ta sittin da biyu ke nan. Wimala na share gabas, ni ina share yamma, kuma kowace safiya ina bin layin nan in gaishe su ɗaya bayan ɗaya in nemi gafara. A kowace salla ina roƙon Allah Ya kayar da bangon. Idan ruwan ƙarshe ya ɗauke, mukan je mu biyu mu duba shi. Ni ke hawa, in bi shi da tafin hannu daga sama har ƙasa, shi yana tsaye da tsintsiyarsa yana jira.

Jiya muka je. Ya ce, "Akwai tsaga?"

Na ce, "Babu. Ko allura ba za ta shiga ba."

Na kawar da kai da sauri don kada ya ga fuskata, domin abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, duk lokacin da hannuna ya bi yaɓen nan na ji shi sumul kamar ranar da na gama shi, sai wani daɗi ya tsarga mini a ƙirji.

Tsohon ya ce, "Na gani, magini. Kowace shekara ina gani. Sauko mu yi shara."